Tambaya da Amsa: 'Yata Na Son Karatun Lantarki, Baffanninta Sun Ce Aikin Maza Ne

Wasiƙar da na ɗauko yau daga Kamaru ta fito. Hajiya Rakiya ce ta aiko ta daga unguwar Briqueterie da ke Yawunde, inda take sana'ar ɗinki. Ta ce mai gidanta ya rasu ya bar ta da yara, Allah ya jiƙansa da rahama. Babbar 'yarta tana ajin ƙarshe a lise, wato makarantar sakandare, ɓangaren lissafi da kimiyya, kuma ta kafe a kan cewa in ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, jarrabawar shiga Polytechnique za ta zauna, ta karanta aikin injiniyan lantarki.

Baffannin yarinyar sun ce sam. A ganinsu wannan aikin maza ne, hawan turken wuta da kama waya, ga haɗari. Sun ƙara da cewa shekara biyar ta karatu za ta sa manema su wuce ta. In karatun take so, in ji su, ta yi na ungozoma ko na koyarwa. Hajiya ta ce ita kanta zuciyarta ta rabu biyu, ba ta son karya wa yarinyar gwiwa, ba ta kuma son saɓa wa dangin mahaifinta. Ga yadda ta rufe wasiƙar: “Malam, don Allah an taɓa yin macen da ta yi wannan aiki ta gama lafiya? Ko ina shirin jefa marainiya ne cikin abin da zan zo ina da-na-sani?”

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon marayu. Kafin komai ki kwantar da hankalinki. Tsoron da kike ji tsoron uwa ne, babu aibu a cikinsa. Baffannin nan ma kada ki ɗauke su a matsayin abokan gāba. Wanda bai damu da yarinya ba, ko ta karanta me, ba zai ɓata bakinsa ba. Abin da suka sani game da aikin wuta shi ne abin da idonsu ke gani a kan titi: saurayi ya jingina tsani, ya ɗale turke, yana lalube cikin wayoyin da suka harɗe da juna. Ni ma da wannan ne kaɗai aikin, da na yi jinkirin ba ki shawara.

Amsar tambayarki ta farko ita ce e, an yi, kuma tun wannan ilimi yana jariri. Zan ba ki labarin mata biyu. Zan fi daɗewa a kan ta farkon, domin gidan da ta fito ya yi kama da naki.

Sunanta Hertha Ayrton. An haife ta a 1854 a Portsmouth, garin bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinta Bayahude ne da ya yi hijira daga ƙasar Poland, yana gyaran agogo. Ya rasu a 1861, tana da shekara bakwai, ya bar uwarta da 'ya'ya bakwai da cikin na takwas. Da allura da zare uwar ta riƙe gidan. Ke kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi, dare nawa ake rabawa a kan ɗinkin mutane kafin a haɗa kuɗin haya.

Tana da shekara tara, 'yan'uwan mahaifiyarta da ke da makaranta a Landan suka ce a ba su ita. Uwar tana da bukatar hannun da zai taya ta renon ƙanne, amma ta haƙura ta sake ta. A can yarinyar ta gamu da lissafi ta riƙe shi. Tana shekara 16 ta fara koyar da yaran masu hali a gidajensu, tana aika wa uwarta abin da ya samu. Daga baya wata mata mai suna Barbara Bodichon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kwalejin mata ta Girton a Cambridge, ta tsaya mata da kuɗi har ta shiga kwalejin. Ta ci jarrabawar lissafi a 1880, amma jami'ar ta ƙi ba ta digiri, domin a lokacin ba ta ba mata. Sai a 1948 Cambridge ta fara. Ba ta tsaya kuka ba, ta je ta zauna jarrabawar Jami'ar Landan, ta karɓi digirinta a 1881.

A 1884 ta fara zuwa ajin dare na ilimin lantarki a kwalejin fasaha ta Finsbury. Malamin ajin, Farfesa William Ayrton, shi ya aure ta a 1885, suka haifi 'ya mace shekara guda bayan nan.

Bari in nuna miki abin da ta yi, don ki ga irin aikin da idonki. A wancan zamani, manyan fitilun tituna da tashoshin jirgin ƙasa ba ƙwai ne da su irin na yau ba. Sanduna biyu ne na gawayi mai tauri, ana jona su da wuta, sai a ɗan raba kawunansu, wutar ta tsallaka 'yar tazarar da ke tsakani tana ba da farin haske mai kashe ido. Idan kin taɓa wucewa ta gaban mai walda kika kau da fuska saboda walƙiyar da ke fita a bakin ƙarfensa, to irin wannan wutar ce aka mayar fitila. Matsalarta ita ce ba ta zama lafiya. Tana cikin ci sai ta kama huci da tartsatsi, hasken ya riƙa rawa. Manyan masana sun sha yin hasashe a kan dalilin, babu wanda ya kama bakin zaren.

Hertha ta zauna a gaban wannan wuta shekara da shekaru. Tana haska hoton bakin sandar a kan farin allo ta madubin ƙara girma, tana zana siffarsa, tana canza ƙarfin wuta, tana canza tazara, tana rubuta abin da ma'auni ya nuna, ta sake daga farko. Ta lura cewa wutar tana cin ɗan rami a kan sanda ɗaya. Muddin ramin yana zaune a tsakiyar kan sandar, fitila shiru take. Da an ƙara wuta ramin ya faɗaɗa ya gangaro gefe, sai iska ta samu hanyar shiga, iskar oksijin ta haɗu da gawayin da ya yi ja, nan take huci ya tashi. Don ta tabbatar, ta rufe wutar a inda iska ba ta shiga, hucin ya ɗauke. Ta hura iska ta cikin sanda mai rami, ya dawo. Daga nan aka san cewa siffar sandar da yawan wutar da ake ba ta su ne abin gyarawa.

Ki duba da kyau, Hajiya, a duk wannan babu inda aka nemi ƙarfin damtse. Ido aka nema, da haƙuri, da lissafi, da rashin yarda da abu sai an gwada.

A 1899 ta karanta sakamakon bincikenta a gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Ingila. Ita ce mace ta farko da ta taɓa tsayawa gabansu da aikinta, kuma suka karɓe ta mamba. Sai a 1958 wata mace ta sake shiga a wannan matsayi. A 1902 ta fitar da littafi sukutum a kan wannan wuta, wanda masu sana'ar suka daɗe suna dogaro da shi. A shekarar ce aka gabatar da sunanta don shiga Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta ƙasar, aka ƙi ta. Hujjar da aka kawo ita ce matar aure ce, kuma a fassarar lauyoyinsu ƙa'idar majalisar ba ta san da matar aure ba. Bayan shekara huɗu, a 1906, majalisar nan dai ta ba ta lambar yabo ta Hughes a kan aikin da ta yi. Sun yarda da aikin, kujerar ce suka hana. A lokacin yaƙin duniya na farko ta ƙera wani mafici na korar iskar guba daga ramukan sojoji, aka yi amfani da fiye da 100,000. Ta rasu a 1923.

Ta biyun ita ce Edith Clarke, Ba'amurkiya, haifaffiyar 1883 a jihar Maryland. Ita marainiya ce gaba da baya, kafin ta wuce shekara 12 uwa da uba duk sun rasu. Da ta kai 18 ta karɓi ɗan gadonta, ta zuba shi a karatun lissafi da ilimin taurari a kwalejin Vassar, ta gama a 1908. Ta ɗan koyar, sannan a 1912 ta shiga kamfanin tarho na AT&T cikin ma'aikatan da ke yi wa injiniyoyi dogon lissafi da hannu, tana zuwa karatun lantarki da dare. A 1919 ta zama mace ta farko da ta samu digiri na biyu a wannan fanni daga MIT, makarantar da ake ji da ita a Amurka.

Da digirin a hannunta ta nemi aikin injiniya ta rasa. Kamfanin General Electric ya ɗauke ta ne ta shugabanci masu lissafi. A wannan zama ta ƙirƙiro wani allon lissafi mai zane-zane da hannuwa masu juyawa, wanda ke warware lissafin dogayen layukan wuta kusan ninki goma fiye da yadda aka saba. Ta nemi takardar mallakarsa a 1921, aka ba ta a 1925. Da ta ga an ƙi ba ta matsayin da ta cancanta, ta tattara ta tafi Istanbul ta koyar a kwalejin mata shekara guda. A 1922 kamfanin ya karɓe ta a matsayin cikakkiyar injiniya, tana da shekara 39. A 1943 ta fitar da littafin da aka yi shekaru ana koyar da injiniyoyin wuta da shi, a 1947 kuma Jami'ar Texas ta ɗauke ta, ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar farfesa a wannan fanni a Amurka. Ta rasu a 1959.

Aikin Edith ya shafi shagonki kai tsaye, ko da ba ki sani ba. Wutar da ke juya keken ɗinkinki ba a Yawunde ake haifar ta ba. Yawancinta daga kogin Sanaga take zuwa, daga madatsun ruwa irin su Edea da Song Loulou, da sabuwar ta Nachtigal mai megawat 420. Mutanen Garwa kuma sun daɗe suna sha daga Lagdo a kan Binuwai. Tsakanin madatsa da gari akwai tafiyar kilomita masu yawa a kan manyan wayoyi masu ɗaukar har volt 225,000. Wayar nan tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In aka ɗora mata fiye da ƙima, ko wani reshe ya faɗi ba zato, injinan da ke ɓangarori daban-daban sai su daina tafiya tare, gari ya faɗa duhu. Sanin wannan iyaka tun kafin a kafa turke ko ɗaya, shi ne abin da Edith ta ƙare rayuwarta a kai. Har yau akwai wata dabarar lissafi da ke ɗauke da sunanta, ana koyar da ita ga duk mai karanta sarrafa manyan injina. In 'yarki ta shiga wannan karatu za ta gamu da ita a allo.

Kada ki ce duk Turawa ne na kawo miki. A maƙwabta, Funke Opeke ta karanta lantarki a jami'ar Ile-Ife, ta kafa kamfanin MainOne, wanda a 2010 ya shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 7,000 daga Portugal zuwa Legas. Wayar da aka ja daga Kribi zuwa Legas a 2015 da haɗin gwiwar kamfaninta aka yi ta. Batun neman ilimin mace kuwa, mu da muka gaji Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta ba ma bukatar aron hujja daga waje.

To amma ba don in ce miki hanyar shimfiɗaɗɗiya ce na kawo waɗannan labarai ba. Kin dai ji yadda aka hana ɗaya digiri, aka hana ɗaya aiki. Abin da nake so ki riƙe shi ne wani abu daban. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa gaza musu ba, kuma a duk inda suka tsallake wani rami, akwai wanda ya miƙa hannu. Uwar Hertha ta haƙura da taimakonta ta sake ta. 'Yan'uwan uwar suka koyar da ita. Barbara Bodichon ta biya kuɗi. Edith kuma gumin iyayenta da suka bari ne ya kai ta makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidanku, wannan hannu naki ne, kuma zai fi ƙarfi in na baffanninta ya haɗu da shi.

Yanzu mu zo kan abubuwan da ke hana ki barci, ɗaya bayan ɗaya.

Haɗari akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Wuta tana kisa, kuma ba ta tambayar namiji ne ko mace. Sai dai ki lura da waɗanda ta fi kamawa: mai jona waya a ɓoye, mai gyara da jiƙaƙƙen hannu, mai taɓa abin da bai auna ba. Wanda ya yi karatun, abu na farko da ake cusa masa shi ne tsari. A kashe layi, a kulle makashin da kwaɗo a riƙe mabuɗin, a auna a tabbatar babu wuta, a haɗa layin da ƙasa, sannan a sa hannu. Yawancin ranakun injiniya kuwa a gaban kwamfuta da zane suke ƙarewa, ko a ɗakin sa ido na tasha, ko wajen duba aikin da ma'aikata suka yi. Hawan turke sana'a ce mai daraja, amma ta wasu ce daban, da nasu horon.

Tun da ke mai ɗinki ce, ga inda za ki taimaka da hannunki. Ranar da za ta shiga ɗakin gwaji ko wurin injina, awarwaro da zobe da sarƙa duk a gida za su kwana, domin ƙarfe yana jan wuta. Mayafi mai yawo da hannun riga mai faɗi kuma injin da ke juyawa yana iya fizgarsu. Ki ɗinka mata ɗan hijabi na auduga wanda ya kama kai ya shige cikin wuyan riga, yadda hular kwano za ta zauna a kansa daram, da doguwar rigar aiki mai maɓalli a wuyan hannu. Ki guji yadin roba, shi ne ke narkewa ya manne a fata in tartsatsi ya faɗa masa. Da wannan ta samu sutura ta samu kariya.

Batun aure shi ne na san ya fi nauyi a bakin baffanni, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Yarinyar da ta ci bak tana 18 ko 19 za ta fito tana 23 ko 24. A unguwa irin taku, inda kowa ya san gidan kowa, za a yi magana, ranar biki da ranar suna za a tambaye ki. Amma ki auna: ungozomar da suke so ta zama ita ma sai ta yi shekaru a makaranta, ta kuma yi kwanan asibiti. Bambancin bai kai yadda ake zato ba. Sannan karatu bai haramta aure ba, mata da yawa a ɗakin mazajensu suka ƙarasa jami'a.

Abin dubawa shi ne wane irin miji. Mijin Hertha, da ya ga binciken ya zama nata, ya janye hannunsa daga ciki da gangan, don kada gobe a ce shi ya yi mata. Kuma ba ta samu sukunin komawa bincike sosai ba sai da Barbara Bodichon ta rasu a 1891 ta bar mata abin da ta ɗauki mai taya ta aikin gida. Wato ko a can, girki da reno ba su yi kansu ba. Don haka in manemi ya fito tana tsakiyar karatu, kada a tsaya a kan “ba komai, za ta ci gaba” da ake faɗa a zaure. A zauna da waliyyai a fayyace: wa zai biya, a wane gari za a zauna, wa zai riƙe jariri in Allah ya kawo lokacin jarrabawa. Abin da aka faɗa gaban shaidu ya fi wuyar tashi. In kina da wata damuwa ta fuskar addini game da cuɗanya a wurin karatu ko aiki, malaman unguwarku suna kusa, ki je da ita kanta yarinyar a yi tambayar a gabanta.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, amma ni a wurina shi ne kan gaba. Shin yarinyar lissafin take so, ko sunan “injiniya”? Shekara biyun farko na Polytechnique kusan lissafi ne da kimiyyar fiziks zalla, kuma nan ne ake tace mutane. Ba sai kin iya karanta abin da ke cikin littafinta ba. Ki dubi takardun sakamakonta na shekara uku da suka wuce, ki ga ko makin waɗannan darussa biyu yana tsaye ko yana tangaɗi. Ki je da kanki wurin malaminta na lissafi, ki ce ya gaya miki tsakaninsa da Allah. Ki kuma lura da ita a gida: in lissafi ya ƙi fita, rufe littafin take yi ta ɗauki waya, ko kuwa sai kin yi mata faɗa ta kashe fitila? Wannan zai gaya miki fiye da abin da ni zan iya.

In kin samu abin da ake nema, to sa'arku ɗaya babba: makarantar tana cikin garinku. Polytechnique ta Yawunde, wadda aka kafa a 1971, tana Melen, tafiyar tasi ce daga Briqueterie. Za ta kwana a ɗakinki, ta ci tuwonki, ki san fitarta da dawowarta. Wannan kaɗai ya isa ya rage rabin fargabar baffanni. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati ya daɗe a kan sefa 50,000 a shekara. Abin da ke cin aljihu a hankali shi ne kuɗin mota kullum, da buga takardu, da kwamfutar da dole sai ta mallaka. Ki fara ware wani abu tun yanzu, ko ta hanyar adashi.

Sai dai jarrabawar shiga tana da zafi, masu nema sun ninka kujerun sau da yawa, kuma yara masu ƙoƙari sosai suna faɗuwa. Kada ta rataya ranta a ƙofa ɗaya. Akwai makarantun injiniya na gwamnati a Duwala da Marwa, akwai cibiyoyin fasaha na jami'a a Ngaundere da Duwala da Bandjoun inda ake karatun lantarki na shekara biyu ko uku, akwai kuma makarantar horar da malaman fasaha a Duwala. Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau a matsayin abin sasantawa, domin mai fita daga cikinta malama ce kamar yadda baffanni ke so, kuma lantarkin take koyarwa kamar yadda ita take so. Ta nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawar ta fara yi tun yau, ta kuma haɗa takardunta da wuri, musamman takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa, kada sunan da ke wannan ya saɓa da na waccan.

Aiki bayan karatu na Allah ne, ba zan yi miki alkawarin ofis ba. Abin da ido ke gani dai shi ne ƙasar tana gina madatsu, tana jan sababbin layuka, an kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Guider, ga kamfanonin sadarwa da masana'antu da asibitoci, duk ba mai motsi sai da wuta. Akwai kuma wata kasuwa da maza ba sa iya shiga yadda suke so. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ake barin soket yana ƙauri kwana da kwanaki, saboda mai gida ya yi tafiya kuma ba a son shigar da baƙon namiji cikin gida? Mace mai ilimin wuta, wadda za ta iya tsara wayoyin gida ko ta kafa na'urar hasken rana, tana da ƙofofin da ke buɗe mata ita kaɗai.

Game da baffanni, shawarata kada ki tara su gaba ɗaya, taro yana sa kowa ya kafe don kada a ga ya sauko. Ki fara da wanda ya fi sauƙin kai a cikinsu, ko wanda ya fi shaƙuwa da marigayi. Ki je gidansa da kanki, da takardun sakamakon yarinyar a hannu. Kada ki ce kin yanke shawara. Ki ce 'yarsu ce, kin zo ne a duba tare. In akwai wani dattijo ko limami da suke jin nauyinsa, ki fara shigar da shi. Ita kuma yarinyar ki ja mata kunne, kada ta ɗaga murya ko ta nuna musu ta fi su boko, domin rashin kunya sau ɗaya zai rushe abin da kika yi wata kina ginawa.

Sannan ki roƙi wannan baffan alfarma guda: ya raka ta Melen ranar da za ta kai takardunta. Gani ya kori ji. Ya shiga harabar, ya ga ɗakunan karatu, ya ga 'yan matan da ke ciki, ya tambayi duk abin da ke ransa. In ya dawo, ki bar shi ya yi wa sauran bayani da bakinsa, za su fi jin ta daga gare shi.

Ki yi istihara, ita ma ta yi. Ki gaishe min da ita, ki ce ina jiran labarin bak. Allah ya yi mata zaɓin alheri, ya raya sauran ƙannenta.